Allon Habasha a bayan bagaden Westminster: wa ke da ikon cewa a mayar?

A watan Fabrairun 2024, majalisar limaman majami'ar Westminster da ke Landan ta sanar cewa ta amince, bisa manufa, ta mayar wa Cocin Orthodox na Habasha wani ɗan allo da ya shafe fiye da shekara 150 a maƙale a bayan ɗaya daga cikin bagadanta. Sanarwar gajera ce, kuma ba ta tsayar da rana ba. Iyakar abin da ta ƙara shi ne cewa ana tattaunawa da wakilan cocin Habasha, lamarin yana da sarƙaƙiya, kuma zai iya ɗaukar lokaci.

Habashawa suna kiran wannan allo tabot. Wanda ya san kalmar Tabuti a Larabci ya kama hanyar fahimta, domin asalinsu ɗaya: allo ne na katako ko na dutse da ke wakiltar Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila da allunan dokokin da aka bai wa Annabi Musa. A aƙidar cocin Habasha, tabot ake tsarkakewa, ginin kuwa yana samun darajarsa ne daga allon da ke cikinsa. Idan aka fitar da shi, abin da ya rage bango ne da rufi. Limamai kaɗai ke da izinin ganinsa, shi ya sa ko a bikin Timkat na watan Janairu, lokacin da ake fito da allunan zuwa bakin ruwa, a lulluɓe suke cikin yadi mai tsada a bisa kawunan limamai.

Irin wannan abu ne ya zauna shekaru aru-aru a fili a Westminster, duk ɗan yawon buɗe ido da ya zagaya bayan bagaden yana iya leƙa shi. Wani zai ce rashin sani ne. Sai dai tarihin ginin kansa bai bar ƙofar wannan uzuri a buɗe ba, domin da wuya a sami wata majami'a a Ingila da ta fi Westminster sanin abin da kayan tabarruki ke nufi ga masu imani da su, da kuma ga masu mulki.

Gini ne da aka yi domin ƙasusuwan mutum ɗaya

Sarki Edward, wanda daga baya aka yi masa laƙabi da waliyyi, shi ya gina babbar majami'ar farko ta dutse a wurin, a matsayin cocin gidan ruhubanawa. An keɓe ta a ƙarshen Disamban 1065, ya rasu kwanaki kaɗan bayan haka, aka binne shi a ciki. Ranar Kirsimeti ta 1066 aka naɗa William na Normandi, wanda ya ci Ingila da yaƙi, a kusa da wannan kabari. Zaɓin wurin ba banza ba ne: baƙon da ya karɓi ƙasa da takobi yana buƙatar a gan shi a matsayin magajin wanda ya gabata. Daga nan al'adar ta kafu, har zuwa ranar 6 ga Mayun 2023 da Sarki Charles ya zama mai mulki na 40 da aka naɗa a wurin.

Ginin da ake gani yau kuwa na Henry na Uku ne. A 1245 ya sa aka fara rushe na Edward, yana so ya gina wa waliyyin da Paparoma ya tabbatar a 1161 makwancin da ya dace da shi. Idonsa yana kan Faransa. A can Sarki Louis na Tara ya mallaki abin da Kiristoci suka yi imani shi ne kambin ƙaya da aka ɗora wa Yesu, yana gina masa ɗakin ibada na gilasai a birnin Faris. Saboda haka Westminster ta fito da kamannin majami'un Faransa fiye da na Ingila: siririya, doguwa, da tagogi masu faɗi, da bakuna masu tsini da ke haɗuwa a sama kamar ɗaurin guga, da tokarai na dutse da suka dafa bangon daga waje domin nauyin rufin kada ya ture shi. Tsayin rufin daga ƙasa ya kai kimanin mita 31, babu irinsa a cikin gine-ginen wannan salo a Ingila. Henry ya kashe fiye da fam 40,000 a kan aikin, a zamanin da sarakunan gargajiyarsa ke kuka da yawan harajinsa.

Bai tsaya a kan gini ba. Ranar 13 ga Oktoban 1247 ya ɗauko wata 'yar kwalba da aka aiko masa daga Ƙudus, wadda aka ce tana ɗauke da jinin Yesu, ya tako da ita a ƙasa daga majami'ar St Paul har Westminster. Tun a lokacin akwai masu shakka, kuma kwalbar ba ta taɓa jan masu ziyara kamar yadda ya yi fata ba. Amma ta shiga jerin abubuwan da ruhubanawan ke alfahari da su, tare da dutsen da aka ce yana da sawun ƙafar Yesu da ɗamarar da aka jingina wa Maryamu, wadda ake arawa matan sarakuna idan haihuwa ta matso. A 1269 aka ɗauke gawar Edward zuwa sabon hubbarensa a bayan babban bagade, sarki da 'yan'uwansa na cikin masu ɗaukar akwatin. A gaban bagaden kuma magina daga Roma suka shimfiɗa daɓe na ƙananan duwatsu masu launi a 1268, da rubutun da ke lissafa cewa duniya za ta yi shekara 19,683 kafin ta tashi. A kan wannan daɓe ake ajiye karagar naɗi.

Yawancin kayan tabarrukin sun salwanta bayan Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma, ya rufe gidan ruhubanawan a 1540. An kwashe zinariyar hubbaren, amma gawar Edward ta tsira, kuma tana nan har yau. A 1560 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sake kafa majami'ar a bisa wani tsari da ke da muhimmanci ga batun Habasha: ba ta ƙarƙashin wani bishop, ko Akbishop na Canterbury ba shi da iko a kanta. Babban limaminta yana amsawa ne kai tsaye ga mai sarauta.

Dutsen da aka ƙwato, aka sace, aka mayar

Tabot ba shi ne ganimar farko da ta kwana a Westminster ba. A 1296 Edward na Ɗaya ya mamaye Sikotland, ya ɗauko dutsen Scone da ake naɗa sarakunan ƙasar a kansa, ya kawo shi hubbaren waliyyi. Ya sa aka sassaƙa kujerar katako mai gurbi a ƙarƙashinta domin dutsen, ta yadda duk sarkin Ingila da ya zauna, ya zauna ne a kan sarautar Sikotland. Almara ta ce shi ne dutsen da Annabi Yaƙuba ya yi matashi da shi. Masana duwatsu sun ce daga yankin Scone ɗin aka fasa shi. Nauyinsa kimanin kilo 152.

A 1328 an yi yunƙurin mayar da shi bayan sulhu, mutanen Landan suka hana. Ranar Kirsimeti ta 1950 wasu ɗalibai huɗu 'yan Sikotland suka shiga da dare suka ɗauke shi, ya ma rabe biyu a hannunsu, sai a Afrilun 1951 aka same shi a kangon majami'ar Arbroath. Da lokacin mayarwa ya zo a 1996, bai zo ta hanyar kwamiti ko doguwar tattaunawa ba. Firaminista John Major ya tsaya a majalisa a watan Yuli ya sanar, da amincewar Sarauniya, kuma kafin ƙarshen Nuwamba dutsen yana fadar Edinburgh. Limaman Westminster ba su ji daɗi ba, sun kuma faɗi haka, amma ba a fasa ba. Siyasa ce ta buƙata: jam'iyyar Major na fuskantar zaɓe, farin jininta ya zube a Sikotland.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, idan gwamnati da fada suka so, abin da ya yi shekara 700 a wuri yana iya tashi cikin wata biyar. Na biyu ya fi ɗaci. Dutsen bai fita daga mallakar masarauta ba. An dawo da shi Landan domin naɗin Charles, sannan aka sake mayar da shi, yanzu yana gidan tarihi na Perth. Wuri aka sauya masa, mai shi bai sauya ba. Wanda ya bi labarin kayan zinariyar Asante 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka kai Kumasi a 2024 a matsayin aro na shekara uku zai gane salon.

Yadda allon ya bar Maƙdala

Sarki Tewodros na Biyu na Habasha ya rubuta wa Sarauniya Victoria wasiƙa a 1862 yana neman ƙawance. Ba a amsa masa ba. Cikin fushi ya tsare ƙaramin jakadan Birtaniya da wasu 'yan mishan. A 1868 Birtaniya ta turo Janar Robert Napier daga Indiya da sojoji kimanin 13,000, suka ratsa tsaunuka har sansaninsa na Maƙdala. An saki fursunonin, amma Napier ya afka wa sansanin ranar 13 ga Afrilu, washegarin Ista. Tewodros ya harbe kansa domin kada a kama shi.

Abin da ya biyo baya wawaso ne. An kwashe taskar sarki da cocin Medhane Alem: kambuna, gicciye na zinariya da azurfa, littattafan hannu ɗaruruwa, da alluna masu tsarki. An rawaito cewa giwaye 15 da alfadarai kusan 200 ne suka sauko da kayan zuwa inda aka yi gwanjonsu, kuma a cikin masu saye har da Richard Holmes, wakilin Gidan Tarihi na Birtaniya da ya biyo rundunar. Daga nan aka cinna wa garin wuta. Gaskiya ne cewa Tewodros da kansa ya tattaro da yawa daga cikin kayan da ƙarfi daga coci-cocin Gondar, kuma masu kare Birtaniya sukan kawo wannan. Hujja ce mai rauni. Wanda ya ƙwace kaya daga hannun ɗan gida mai ƙwace bai zama mai su ba, masu su na asali suna nan. Ko a lokacin ma ba kowa ne ya yi shiru ba: a 1871 Firaminista William Gladstone ya shaida wa majalisa baƙin cikinsa da aka ɗauko abubuwan da Habashawa ke ɗauka da tsarki.

Wani hafsan sojan igwa, Kyaftin George Arbuthnot, shi ya ba Westminster allon da ya samo. Inda aka sa shi ya cancanci a tsaya a kai. A ƙarshen majami'ar ta gabas akwai ɗakin ibadar Maryamu da Henry na Bakwai ya fara ginawa a 1503, aka keɓe shi a 1516. Rufinsa dutse ne da aka sassaƙa ya bazu kamar mafici, da wasu kawuna da ke reto daga sama tamkar ba su da nauyi, alhali bakunan da ke riƙe da su a ɓoye suke a bayan adon. A nan Henry yake kwance, a nan jikokinsa Elizabeth da Mary suke cikin kabari guda. Wajajen 1870, a zamanin babban limami Arthur Stanley, aka yi wa ɗakin sabon bagade bisa zanen George Gilbert Scott, aka dasa abubuwa uku a bayansa: guntun tsohon bagaden Canterbury, guntu daga wani cocin Girkawa na Dimashƙa, da allon Maƙdala. Da aka sake bagaden a 1935, aka mayar da su gurbinsu.

Stanley mutum ne mai son haɗin kan ɗariƙun Kirista, kuma ana iya fahimtar abin da ya nufa: Ingila, Gabas da Afirka a bagade guda. Amma fa guntayen biyu ragowar gine-gine ne, na ukun kuwa zuciyar wani coci ce da aka cire da bakin bindiga shekara biyu kacal kafin nan. Niyyarsa ta iya zama mai kyau, amma ba wanda ya tambayi Habashawa.

Shekara goma sha bakwai tsakanin roƙo da amsa

A 2007 shugaban cocin Habasha na lokacin, Abune Paulos, ya nemi a mayar da allon. Amsar da ta fito bayan 'yan shekaru ita ce a rufe shi yadda ba za a riƙa ganinsa ba. Wannan mataki ya kwance wa majami'ar zane a kasuwa, domin ya nuna ta yarda allon yana da tsarkin da bai kamata a kalle shi ba, amma ta ci gaba da riƙe shi. A 2018, shekara 150 da yaƙin, gwamnatin Habasha ta sabunta buƙatar, aka ce babu shirin mayarwa. Sai a ƙarƙashin David Hoyle, wanda ya zama babban limami a 2019, matsayin ya sauya.

Abin lura shi ne, babu wata dokar majalisa da ta ɗaure hannun Westminster kamar yadda Gidan Tarihi na Birtaniya ke cewa dokar 1963 ta ɗaure nasa. A can akwai alluna 11 a kulle a ɗaki, ba a nuna su, ba a nazarinsu, ko ma'aikatan gidan ba sa kallonsu. Dokar kuwa ta ba amintattun gidan damar rabuwa da abin da suka ga bai dace a ci gaba da riƙewa ba, muddin hakan ba zai cutar da masu nazari ba. A 2021 wata babbar lauya, Samantha Knights, ta ba da ra'ayin cewa allunan sun faɗa cikin wannan sashe, tunda babu ɗalibin da ke amfana da abin da ba a gani. Wannan ne ya sa sanarwar Westminster ta fi girman allo guda. Idan majami'ar da ke ƙarƙashin sarki kai tsaye ta saki nata, zai yi wa gidan tarihin wuya ya ci gaba da fakewa a bayan doka.

Ƙaramin coci ma ya riga ya nuna hanya. A 2001 wani limami a cocin St John na Edinburgh, John McLuckie, ya ci karo da tabot a cikin kabad. Cikin 'yan watanni aka miƙa shi, kuma a Fabrairun 2002 dubban mutane suka cika titunan Addis Ababa domin tarbarsa. Ba a kafa kwamiti na shekaru ba.

Akwai tambayoyi na gaske, ba a musu. Habasha ta fito daga yaƙin Tigray na 2020 zuwa 2022, wanda a cikinsa aka kashe fararen hula a Aksum, birni mafi tsarki ga cocin, aka kuma lalata wani ɓangare na masallacin Najashi. Cocin kansa ya yi fama da ɓaraka a 2023 a yankin Oromiya, limaman Tigray kuma sun ja gefe. Wa za a miƙa wa, kuma wane coci zai karɓa, tunda na Maƙdala ya ƙone? Amma waɗannan tambayoyi ne da cocin Habasha ke da hurumin amsawa, kuma yana da majalisar da ke yanke irin wannan hukunci. Hujjar cewa kaya sun fi tsira a Landan kuwa ta yi rauni tun Agustan 2023, da Gidan Tarihi na Birtaniya ya amsa cewa kimanin kayayyaki 2,000 sun ɓata, ko an sace, ko sun lalace a cikin taskarsa, har shugabansa ya ajiye aiki.

Ga Nijeriya, inda ake bin sawun tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwasa a 1897, bambancin yana da amfani. Kwalejin Jesus ta Cambridge da Jami'ar Aberdeen sun mayar da nasu a 2021, gidan tarihi na Horniman ya miƙa mallakar kayayyaki 72 a 2022, Jamus ta kawo kashin farko Abuja a ƙarshen wannan shekarar. Duk waɗannan cibiyoyi ne da dokar 1963 ba ta shafa ba. Da Shugaba Buhari ya sanar a 2023 cewa Oba na Benin ne mai mallakar kayan da aka dawo da su, sai wasu a Turai suka sami abin cewa: ai za su shige fada, jama'a ba za su gani ba. Batun tabot ya rushe wannan ma'auni daga tushe, domin a nan kowa ya san tun farko cewa idan allon ya koma, ba gidan kallo zai je ba, labule zai shiga. Amincewar Westminster na nufin ta yarda cewa darajar abu ba ta tsaya a kan yawan masu kallonsa ba, kuma mai abu ne ke faɗin yadda za a yi da shi. Masu tattaunawa a madadin Nijeriya suna iya riƙe wannan.

Sai dai kada a yi saurin ɗauka cewa fadar Birtaniya ta sauya hali gaba ɗaya. Bayan faɗuwar Maƙdala, sojojin sun tafi da ɗan Tewodros mai shekara bakwai, Yarima Alemayehu. Mahaifiyarsa ta rasu a hanya. Ya girma a Ingila cikin kaɗaici, ya mutu a Leeds a 1879 yana da shekara 18, Sarauniya Victoria ta sa aka binne shi a majami'ar St George da ke fadar Windsor, wadda ita ma, kamar Westminster, ga mai sarauta kaɗai take amsawa. Habasha ta nemi ƙasusuwansa a 2007, shekarar da Abune Paulos ya nemi allon. A watan Mayun 2023, makonni kaɗan bayan naɗin Charles, fadar Buckingham ta ce ba zai yiwu a tono shi ba tare da an taɓa makwancin wasu da ke kusa da shi ba.